Alkyabbar Wace Mace?

A ƙasashen Turai masu sanyi akwai wani ɗan tsiro da ke fitowa a makiyaya da gangaren tsaunuka. Tsawonsa da ƙyar yake kai gwiwar mutum, furanninsa mitsi-mitsi ne, tsanwa mai sirkin rawaya, ba abin da zai tsai da mai wucewa. Ganyen ne abin kallo. Kewayayye ne mai kunnuwa 7 zuwa 11, bakinsa tsaga-tsaga irin na zarto, kuma a naɗe yake fitowa, ninki bisa ninki, ko bayan ya buɗe shatin ninkin ba ya ɓacewa. Wanda ya yi sammako zai tarar 'yan ɗigon ruwa sun jeru a bakin ganyen, ga wani babban ɗigo guda zaune a tsakiya yana ƙyalli. Mafi yawan sunayen da aka raɗa wa tsiron nan, daga Ailan har Rasha, daga abubuwan nan biyu suka fito: siffar ganyen da wannan ɗigo.

Turawan Ingila na kiransa lady's mantle, Jamusawa Frauenmantel, mutanen Holan vrouwenmantel. A yadda kunnen yau ke jin su, ma'anar duka ukun ɗaya ce: alkyabbar mace, ko mayafin mata. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan busasshen ganyensa sananne ne a kantunan magani. Ana zuba kamar cokalin shayi 2 a ruwan zafi, a bar shi minti 10, a tace a sha. Mata na shan sa don ciwon mara na lokacin al'ada, da yawan zubar jini, da wahalhalun shekarun ɗaukewar haila. Wadda ke murƙususu a kan gado, ta ɗaga kwali ta ga an rubuta mayafin mata, ai ba sai an yi mata dogon bayani ba. Sunan ya gama tallar. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wace macen ake nufi?

A 1548 William Turner, likita kuma malamin coci ɗan Ingila, ya fitar da wani ɗan littafi na sunayen tsirrai, inda ya jera kowanne da sunansa na Girkanci da Latinanci da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci. A wannan littafi sunan tsironmu yana ɗauke da wata 'yar kalma a gaba wadda yau babu ita, wato our, ma'ana tamu. Ashe ba alkyabbar kowace mace ba ce, alkyabbar Uwargijiyarmu ce. Duk Kiristan Turai na wancan zamani ya san mace ɗaya tak ake kira haka, Nana Maryamu mahaifiyar Annabi Isa (AS). Wasu harsunan ba su taɓa sakaya maganar ba. Faransawa na cewa manteau de Notre-Dame, mutanen Norwe na cewa marikåpe, na tsibirin Aislan kuma maríustakkur, duka da sunan Maryamu ɓaro-ɓaro ko laƙabinta a ciki.

Dalilin sunan a jikin bangon coci yake. Masu zane na ƙarni na 14 da na 15 sun saba zana Maryamu tsaye ta buɗe wata faffaɗar alkyabba mai tattara, jama'a sun fake a ƙarƙashinta, sarki da talaka. Manomin da ya tashi yana ganin wannan hoto, ya fita makiyaya ya ga ganye mai tattara da kewayayyen baki, ba zai wahala wajen neman suna ba. Ba kuma wannan tsiro kaɗai aka ba ta ba. Akwai furen da aka ce takalminta ne, akwai ciyawar da aka ce shimfiɗarta ce, har wani jan ƙwaro mai ɗige-ɗige Turawan Ingila sun ce tsuntsunta ne. Amma ba a sayar da takalmin Maryamu a matsayin maganin faso.

Yadda kalmar tamu ta zube a Ingilishi ba wani abin mamaki ba ne. Ingila ta raba gari da Fafaroma a 1534, girmama Maryamu irin na Katolika ya ja baya a ƙasar, ga kuma harshe da son gajarta magana. Na Jamusanci ya fi ban sha'awa, domin can ita kanta kalmar ce ta sauka daga kan karaga. A Jamusancin tsakiyar zamani frouwe uwargijiya ce, mace mai sarauta ko mai gida da barori, macen gama-gari kuwa wîp ake ce mata. Shi ya sa manyan majami'un nan na Munich da Dresden da ake kira Frauenkirche ba cocin mata ba ne, cocin Maryamu ne. A hankali Frau ta zama sunan kowace mace baliga, tsohon Unser Frauen Mantel ya koma Frauenmantel, Bajamushiyar yau kuma ta ji shi a matsayin mayafinta ita da 'yan'uwanta. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan linzami an sauya masa mariƙi, ya kuwa ja tsiron zuwa inda asalin masu raɗin ba su nufa ba.

Mutanen da ɗigon ruwan ya fi ɗaukar hankalinsu sun bi wata hanyar. Wani tsohon sunan Jamusanci shi ne Sinau, daga kalmomi biyu masu nufin kullum da raɓa, wato mai raɓa ko yaushe, domin ko rana ta take raɓar sauran ciyayi ta bushe, tasa tana nan. Mutanen Suwidin sun haɗa hotunan biyu suka ce daggkåpa, alkyabbar raɓa. To amma ruwan nan ba duka ne raɓa ba. Da dare, idan ƙasa na da danshi, iska kuma ta ƙoshi da laima har ganye ya kasa fitar da ruwa a matsayin tururi, saiwa ba ta daina tunkuɗo ruwa sama ba. Sai ya fita ta wasu ƙananan ƙofofi da ke kan haƙoran ganyen, shi ya sa ɗigon ke jeruwa daidai a baki. Gashin da ke jikin ganyen ya hana ruwan malala, sai ya dunƙule ya gangara tsakiya. Daga ƙasa ruwan ya taso, ba daga sama ya sauko ba.

Wannan bai hana a kira shi ruwan sama mai tsarki ba, kuma a nan ne sunan Latinanci ya shigo, Alchemilla. Ya fara bayyana a bugu cikin wani littafin magunguna da aka buga a birnin Mainz na Jamus a 1485, daga baya Carl Linnaeus, masanin Suwidin da ya tsara sunayen halittu, ya tabbatar da shi a 1753 ya ƙara masa vulgaris, wato gama-gari. Labarin da ake bayarwa shi ne masu neman juya dalma ta koma zinariya suna tattara ɗigon nan da asuba, don a ganinsu ruwa ne da bai taɓa ƙasa ba, wanda zai yi aiki wajen haɗa wani dutse da suka ƙare rayuwarsu suna nema. Sana'arsu kuwa sunanta daga Larabci Turai ta aro shi, alkimiya'u, lokacin da aka shiga fassara littattafan Larabawa zuwa Latinanci a Andalus. Robert na Chester ya kammala fassarar littafi na farko a wannan fanni a 1144. Mai karatu ya riga ya ji kalmar a kunnensa: ita ce dai kimiyya tamu, wadda ta zo mana ta hannun malamai, muka ɗora ta a kan dukan ilmin gwaji da bincike. Alchemilla kenan 'yar ƙaramar kimiyya. Tsiron da bai taɓa tsirowa a Kano ko Damagaram ba, sai ga sunansa na boko da ɗan'uwa na jini a bakin kowane ɗan firamare. Sai dai kimiyyar da ta raɗa masa suna ita ce ta masu neman zinariya a cikin dalma, ba wadda ke auna magani a kan marasa lafiya ba.

Akwai rukuni na uku da ba su ga alkyabba ba, ba su ga raɓa ba, sawun dabba suka gani. Latinancin tsakiyar zamani ya ce pes leonis, Faransawa pied-de-lion, mutanen Denmak løvefod, Turkawa aslanpençesi, duka dai ƙafar zaki ko dagin zaki. Rashawa kuwa suka ware, suka ga bakin hannun riga mai tattara, suka ce manzhetka. Mai karanta littattafan tsirrai na Larabci na zamani zai ci karo da shi da sunan rijlul asad, wani lokaci kuma aba'atus sayyida, wanda fassara ce kai tsaye daga sunan Turai. Irin wannan raɗin suna ba baƙo ba ne gare mu, mu da ke da nonon kurciya. Matsalarsa ita ce ido ɗaya ba ya hana wani ido ganin ƙafar zaki a wani tsiron dabam. Kalmar Girkanci mai wannan ma'ana, leontopodion, wasu masana na ƙarni na 16 sun ɗora ta a kan tsironmu, amma yau a littattafan ilmin tsirrai Leontopodium sunan wani farin fure ne na ƙololuwar tsaunukan Alps, edelweiss, wanda ko dangi ba su haɗa ba. Shi dangin sunfulawa ne, namu kuwa dangin fure-wardi da tufa ne.

Rikicin da ya fi kusa da mu yana cikin sunan Maryamu kansa. A harshen mutanen Ailan ana kiran tsiron nan dearna Mhuire, tafin hannun Maryamu. A Larabci akwai kaffu Maryam, ma'ana ɗaya ba bambanci, amma ba shi ake nufi ba. Kaffu Maryam da ake sayarwa a kasuwannin Makka da Madina, wanda alhazai ke zuwa da shi tsaraba, busasshen tsiron hamada ne da ke dunƙule kamar hannun da aka damƙe, idan aka sa shi a ruwa ya buɗe, ana kuma ba masu naƙuda ruwansa. Masana na kiransa Anastatica hierochuntica. Sannan da wannan suna dai Larabawa ke kiran wata 'yar bishiya ta bakin Bahar Rum, Vitex agnus-castus, wadda ake amfani da 'ya'yanta don damuwar kwanakin gabanin al'ada, kuma ita tana taɓa sinadaran jiki masu sarrafa nono da haila. Tsirrai uku, dangi uku, aiki uku, suna ɗaya, kuma duka ukun a kan teburin maganin mata ake ajiye su. Kama da wane ba ta wane. Macen da ke neman haihuwa ko take da ƙaramin ciki, ta aika a sayo mata tafin Maryamu, bai kamata a bar amsar wanne za a kawo mata a hannun ɗan aike ba.

To me tsofaffin likitocin Turai suka ce tsiron na yi? Abin da suka fi yabon sa a kai shi ne rauni. Wani daga cikin sunayensa a littattafan ƙarni na 16 shi ne Sanicula major, daga kalmar Latinanci mai nufin warkarwa, kuma ana lissafa shi cikin manyan ganyayen da ake wanke sara da suka da su, ana kuma sha don tsai da zubar jini na ciki. A zamanin takobi da mashi wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, kuma akasarin masu raunin ba mata ba ne. Nicholas Culpeper, wanda littafinsa na magungunan ganye ya fito a Landan a 1652, da rauni da zubar jini da amai da gudawa ya fara lissafinsa.

Kada a ce na ɓoye rabin labarin: amfanin mata ma tsoho ne. Culpeper ɗin nan ya ce ganyen na ɗaga nonon da ya zube, yana kuma taimakon mai neman ɗaukar ciki. Littattafan zamaninsa sun yi maganar zama cikin ruwansa don matsi. Mutanen Folan ma sun adana wannan a cikin suna, przywrotnik, wato mai maidowa, kuma abin da ake cewa yana maidowa shi ne ƙuruciyar jikin mace. Amma duba jerin da kyau: rauni, jini, zawo, fatar da ta saki. Aiki ɗaya ne aka ba sunaye da yawa, kuma Hausa na da kalmarsa cif, bauri. Duk wanda ya taɓa tauna bagaruwa ya san yadda baki ke ɗaurewa, harshe ya yi kaushi. Sinadarin da ke yin haka yana kama furotin ɗin da ke saman fata ko cikin hanji, ya tattare shi ya tsuke shi, tsattsafar ruwa da jini ta ragu. Shi ne majema ke nema a bagaruwa idan za su jeme fata, kuma sunansa na boko, tanin, daga sana'ar jima ta Turai ya fito. Abin da ya sa bagaruwa ta shiga kayan matsi da ruwan zaman mai jego a nan, shi ya sa ganyen nan ya shiga nasu a can. Wannan kam ba camfi ba ne, ana auna shi a ɗakin gwaji a same shi da yawa.

Sai dai bauri abu ɗaya ne, murɗa abu ne dabam. Yadda tsiron rauni ya koma kusan na mata zalla, aikin ƙarni na 20 ne a mafi yawansa. Johann Künzle, wani limamin Katolika a Suwizalan da ya shahara da maganin ganye, ya fitar da ɗan littafinsa a 1911, aka saye shi kamar me. Shi ne ya yi iƙirarin cewa kashi biyu cikin uku na tiyatar da ake yi wa mata da ba a yi ta ba, in da sun sha wannan ganye da wuri kuma suka daɗe suna sha. Bai kawo lissafin da ya kai shi ga wannan adadi ba, amma har yau ana maimaita maganar a jikin kwalaye da mujallu. Bayansa sai Maria Treben a Ostiriya, wadda littafinta na 1980 ya sayu miliyoyi aka kuma fassara shi cikin harsuna da dama. Ita ma ta ba ganyen babban gurbi a matsalolin mata. A ganina ba su biyun ne suka ƙirƙiri amfanin ba, sun tarar da shi. Amma sun tarar da suna mai daɗin faɗa, wanda ya riga ya manta mai shi, suka kuwa hau shi.

A 1978 gwamnatin Jamus ta Yamma ta kafa wani kwamiti na likitoci da masana haɗa magunguna, wanda aka fi sani da Kwamitin E, aka ɗora masa aikin duba magungunan ganye ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda hujja ta goyi baya. Ya rubuta rahoto a kan sama da 300. Da aka zo kan alkyabbar Maryamu, abu ɗaya kwamitin ya amince da shi: gudawa mara tsanani, giram 5 zuwa 10 na busasshen ganye a rana. Ciwon al'ada bai shiga ba. Abin dariyar shi ne wani ɗan'uwansa na dangi, Potentilla anserina, wanda sunansa ke nufin ciyawar dinya saboda yadda take yaɗuwa a wuraren kiwon irin waɗannan tsuntsaye, shi kwamitin ya amince da shi don ciwon al'ada mara tsanani. Ƙauyawan Jamus tun da can Krampfkraut suke ce masa, ganyen murɗa. Mai sunan tsuntsun ruwa ya sami takardar mata, mai sunan mata ya sami takardar zawo. Daga baya wata ƙungiyar masana magungunan tsirrai ta Turai, ESCOP, ta sa ciwon al'ada cikin amfanin tsironmu, amma madogararta daɗewar da mutane suka yi suna amfani da shi ce, ba babban gwaji a kan mata ba. Masu tallar da ke cewa yana aiki kamar sinadarin furojestaron ba su da irin wannan gwaji a hannu. Wani babban nazari na Cochrane na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ganyaye da ƙarin abinci don ciwon al'ada ya sami 'yar hujja, mai rauni dai, ga citta da hulba da wasu 'yan kaɗan. Ganyen da ke ɗauke da sunan mata ba ya cikin waɗannan.

Shi kansa ciwon sunayensa sun cancanci a tsaya a kansu. Likita zai rubuta dismenoriya, daga guntayen Girkanci uku: wahala, wata, kwarara. Kwararar wata mai wahala kenan, bayanin abin da mara lafiya ta riga ta faɗa ne aka mayar mata da shi cikin wani harshe. Mu kuma mun fi son kewaye. Haila ta littafin fiƙihu ce, daga Larabci haidh, da harafin ladi ya koma l kamar yadda ya yi a alƙali da alwala da farilla da larura. A tsakar gida sai a ce al'ada, ko tana fashin salla, idan kuma bai zo ba a ce ta yi ɓatan wata. Zafin kuwa ciwon mara ne, sunan da ke nuna wuri ya yi shiru a kan dalili. Kunya ce ta gina waɗannan kalmomi, kuma ina ganin kyansu. Amma ciwon mara buhu ne mai faɗi. A cikinsa akwai murɗar da budurwa ke ji kwana ɗaya ko biyu a farkon jini ba tare da wata cuta ba. Akwai ƙarin mahaifa. Akwai abin da muke tattarawa mu ce sanyi, wanda sau da yawa ƙwayoyin cuta ne da suka hau zuwa mahaifa da bututunta. Akwai endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana damun kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa. Likitoci na raba na farkon da sauran, domin shi ake lallashi, su kuwa sai an nemo tushensu. Ciwon da ya fara bayan shekaru ana al'ada lafiya, ko yake ƙaruwa wata bayan wata, ko ya zo da zazzaɓi ko ruwa mai wari ko jini mai gudaji da yawa, ba na shayi ba ne, kowane suna shayin ke da shi.

Ciwon na farkon, wanda ba cuta a bayansa, an san abin da ke jawo shi. Gab da zuwan jini, shimfiɗar cikin mahaifa na sakin wasu sinadarai da ke sa tsokar mahaifar ta matse da ƙarfi. Idan suka yi yawa, matsewar na shaƙe ƙananan jijiyoyin jini, tsokar ta rasa iskar da take buƙata, zafi ya tashi. Wani masani ɗan Birtaniya, V. R. Pickles, shi ya nuna a 1957 cewa akwai abin da ke sa tsoka matsewa a cikin jinin al'ada, zuwa 1965 kuma aka gane ko mene ne. Sunansa furostagilandin. Ulf von Euler na Suwidin ne ya raɗa shi a 1935, bayan ya samo sinadarin a cikin maniyyi ya ɗauka daga furostet yake fitowa, wannan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ashe daga wata jaka ta kusa da shi yake fitowa, kuma kusan kowane sashe na jiki na yin irinsa. Ba a gyara sunan ba. Abin da ke murɗa marar mata duk wata yana yawo da sunan gaɓar da mace ba ta da ita, kuma ba wanda wannan ya ruɗa, domin ba daga sunan aka ciro maganin ba. A 1971 John Vane ya nuna asfirin na aiki ne ta hana jiki ƙera furostagilandin, haka ma danginsa irin su ibufurofen, shi ya sa suka fi amfani idan aka sha da zarar ciwon ya fara alama. Su ma da sharaɗinsu, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba nata ba ne. Ɗumama mara da ruwan zafi a gora, wanda iyayenmu ba su jira kowa ya koya musu ba, an gwada shi an ga yana rage zafin.

Akwai wuri ɗaya da nake zaton ganyen da ciwon suna haɗuwa da gaske. Furostagilandin ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa hanji, shi ya sa mata da yawa ke fama da tashin zuciya da sakin ciki a ranakun farko. Kofin ruwa mai ɗumi, mai bauri, da aka riga aka yarda yana tsai da gudawa, zai iya sauƙaƙa wa mace rabin wahalar wannan rana ko da bai taɓa mahaifar ba. Wadda ta ce ta sha ta ji dama ba ƙarya take yi ba. Sai dai mai yawan zubar jini ta sani cewa tanin na rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ita kuwa shi ta fi buƙata, don haka ba abin kora tuwo ba ne.

An saba cewa idan sunayen gargajiya suka rikice a koma ga na Latinanci, shi ne ba ya ƙarya. A nan shi ma sai da ya yi tangal-tangal. Abin da Linnaeus ya kira Alchemilla vulgaris ya ɗauka tsiro ɗaya ne. A ƙarshen ƙarni na 19 Robert Buser, masani a Geneva, ya shiga rarrabe shi, ya riƙa fitar da iri bayan iri, bambancinsu a yawan gashin ganye da siffar haƙora. A 1901 Svante Murbeck na Suwidin ya gano dalilin: yawancin waɗannan tsirrai na yin iri ba tare da barbara ba. Ƙwayar iri na fitowa daga uwa kaɗai, 'ya kuma kwafin uwarta ce, don haka duk ɗan bambancin da ya taɓa aukuwa sai ya kafu ya zama zuriya mai zaman kanta. Waɗanda suka jingina tsiron ga Maryamu ba su san da wannan ba, ninkin ganye kawai suka gani. Yau ana lissafa ɗaruruwan irinsa. Wanda ake shukawa don ado a lambunan Turai, Alchemilla mollis, daga yankin tsaunukan Karfat da Kaukasus ya fito. Na kan Alps mai azurfa a bayan ganye, Alchemilla alpina, wanda masu maganin ganye ke cewa ya fi ƙarfi, Kwamitin E bai ga hujjar amincewa da shi ba. Afirka ma na da nata a wurare masu tsananin tudu da sanyi: Dutsen Kenya, Kilimanjaro, Ruwenzori, tsaunukan Bale na Habasha inda wani ƙaton ɓeran ƙasa ke rayuwa a kansa, da ƙololuwar Dutsen Oku a Kamaru. Wasu daga cikin na gabashin Afirka ma ƙananan itatuwa ne masu reshe, ba ciyawa ba.

Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai, wanda masu haɗa magani ke bi, bai tsaya sasanta wannan rigima ba. Ya rubuta sunan Linnaeus ya ƙara masa kalmomin Latinanci biyu masu nufin a faffaɗar ma'ana, wato duk wanda ya shiga wannan taro ya wadatar. Sharaɗin da ya kafa a kan abin da za a zuba a kwali shi ne a auna busasshen ganyen a tarar tanin ɗinsa bai gaza kashi 6 cikin 100 ba.